Yadda Malami Zai Koya wa Ɗaliban Babbar Sakandare Gano Da'awa a Cikin Rubutu

Duk malamin da ya taɓa koyar da auna fahimta a babbar sakandare ya san irin amsoshin da ake samu idan aka karanta wa aji sharhin jarida, sannan aka tambayi ɗalibai abin da marubucin yake nufi. Wani zai ce rubutun yana magana ne a kan tsadar rayuwa, wani zai kwafo jimlar farko yadda take, wani kuma zai miƙe ya fara zuba nasa ra'ayin tun bai gama jin na marubucin ba. Dukansu sun yi karatu, amma babu wanda ya taɓo abin da marubucin yake so a yarda da shi, wato da'awarsa. Wanda ya ce "tsadar rayuwa" jigo kawai ya faɗa, domin har yanzu ba mu san ko marubucin yana ɗora laifin tsadar a kan 'yan kasuwa ba, ko a kan hukuma, ko kuwa yana cewa ma tsadar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Wannan gibi yana da illa ta kusa da ta nesa. Ta kusa ita ce jarrabawar WAEC da NECO, inda ake ba ɗalibi dogon rubutu a ce ya taƙaita muhimman batutuwansa cikin 'yan jimloli, kuma wanda bai iya raba babbar magana da misalan da suka tallafe ta ba zai cika takarda da kwafe ya tashi da maki kaɗan. Ta nesa kuwa ita ce wayar da ke aljihunsa, wadda saƙonni ke shigowa cikinta dare da rana, kowanne yana neman ya gaskata wani abu ko ya tura wa wasu.

A fara daga abin da suka riga suka sani

A ganina babban kuskure ne malami ya buɗe wannan darasi da rubuta ma'anar da'awa a allo a ce a haddace. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗan Bahaushe. Ya ji ta a zancen shari'a, inda mai ƙara yake tsayawa gaban alƙali ya ce gonar nan ta mahaifinsa ce, alƙali kuma ya ce masa ya kawo shaidu. Saboda haka a tambayi aji: idan mutum ya ce yana bin wani bashi, wancan kuma ya ce sam bai san zancen ba, wa za a nema ya kawo hujja? Da wuya a rasa ɗalibin Islamiyya da zai jawo hadisi na 33 cikin Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi, wanda ya nuna cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Daga nan ma'anar za ta fito daga bakinsu da kansu: da'awa magana ce da mutum ya faɗa yana so a yarda da ita, wadda wani zai iya musawa, kuma ana iya neman hujja a kanta.

Akwai wata ƙofa ta biyu da nake ganin malaman boko ba su cika amfani da ita ba. Malaman balaga na Larabci sun daɗe da raba zance gida biyu, habari da insha'i. Habari shi ne zancen da za a iya ce wa mai faɗinsa ka yi gaskiya ko ka yi ƙarya, insha'i kuwa shi ne wanda ba ya ɗaukar wannan hukunci, kamar tambaya da umarni da fata da kira. Sai dai a ja hankalin ɗalibai cewa wannan insha'in daban yake da insha'in da suke rubutawa a darasin Hausa, don kada sunan ya rikita su. Da wannan ma'auni kaɗai za a iya cin darasin farko gaba ɗaya. Malami ya rubuta jimloli kamar goma a allo, irin su "Rufe ƙofar nan", da "Kogin Kwara ya haɗu da Binuwai a Lakwaja", da "Ina ma a yi ruwa yau", da "Tuwon dawa ya fi na masara riƙe ciki", sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambaya ko za a iya ce wa mai maganar "ba haka ba ne". Duk jimlar da ta karɓi wannan musu ta shiga sahun da'awa.

Kada a tsaya a kan "gaskiya ko ra'ayi"

Littattafan karatu da yawa suna raba jimloli zuwa gaskiya da ra'ayi su tsaya nan, kuma wannan rabo yana haifar da wata mummunar ɗabi'a, inda ɗalibi ke ɗaukar duk jimlar da ke da shekara ko adadi a matsayin tabbatacciya. Hanya mafi sauƙi ta warware wannan ita ce a rubuta a allo, "An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1987", a tambayi aji wane rukuni ta faɗa. Mafi yawa za su ce gaskiya ce, don sun ga shekara. Sai malami ya sanar da su cewa Katsina ce aka ƙirƙira a 1987, ita kuwa Jigawa sai a ranar 27 ga Agustan 1991 aka cire ta daga Kano. Jimlar tana da kamannin gaskiya amma kuskure ce, kuma abin da ya dace a kira ta tun farko shi ne da'awar da ake iya bincikawa. Ɗalibin da ya faɗa wannan rami sau ɗaya a gaban allo ba ya mantawa.

Daga nan sai a nuna musu cewa da'awa iri-iri ce, kuma kowace da irin hujjar da take nema. Batun Jigawar zai iya ɗaukar darasin duka. "An ƙirƙiri Jigawa a 1991" da'awa ce a kan abin da ya auku, kuma littafin tarihi ya isa ya raba gardama. "Ƙirƙirar jihar ce ta bunƙasa Dutse" da'awa ce a kan sanadi, wadda ta fi ta farko wuyar tabbatarwa, tunda dole a duba yadda garin yake kafin ya zama babban birni, a kuma duba ko akwai wasu dalilan da suka taimaka. "Ƙananan jihohi sun fi manya alheri ga talaka" hukunci ne na fifiko, kuma ba za a ci gaba da ita ba sai an tambayi marubucin da me yake auna alherin. "Ya kamata a ƙara yawan jihohi" kuwa kira ne zuwa ga aiki. Ba na ganin amfanin tilasta wa ɗalibai haddace sunayen waɗannan rukunoni. Abin da ake so ya zauna a kansu shi ne tambayar da za su riƙa yi wa kowace jimla: wace irin shaida ce za ta sa in yarda da wannan? Da'awar sanadi ce ta fi cancantar a daɗe a kanta, domin ita ce ta fi yawa a sharhin jaridu da hirar majalisa, kuma ita ce ake yawan kafawa a kan cewa abu kaza ya biyo bayan abu kaza kawai.

Maganar wa ce?

Harshen Hausa ya yi wa malami gata a nan, domin yana da kalmomin da ke nuna nisan mai magana da abin da yake faɗa. "Wai" ita ce shugabarsu. Idan marubuci ya ce wai za a rage kuɗin makaranta, ya zare hannunsa daga maganar ke nan, har ma yana iya nuna shakka. Haka "an ce" da "ana raɗe-raɗin" da "rahotanni na cewa" da "a cewarsa". A ɗaya ɓangaren kuma akwai "lalle" da "babu shakka" da "tabbas" da "kowa ya san", waɗanda ke nuna marubucin ya rungumi maganar, kodayake ƙarfin lafazinsu ba ya ƙara wa hujja komai. A tsakiya akwai "mai yiwuwa" da "wataƙila" da "galibi" da "wasu", masu rage wa da'awa faɗi.

A kawo labari ɗaya daga Aminiya ko shafin BBC Hausa, a sa ɗalibai su ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau da ɗan jarida ya gabatar da maganar wani da shi. Za su ga bambancin "ya ce" da "ya yi iƙirarin" da "ya tabbatar" da "ya amsa cewa" da "ya musanta". Za su kuma gane dalilin da ya sa ake rubuta "wanda ake zargi" a labarin sata ko kisa kafin kotu ta yanke hukunci. Tambayar da za a maimaita a kan kowace jimla ita ce: wa ya faɗa, ɗan jaridar ne, ko kakakin 'yan sanda, ko wani da aka sakaya sunansa? Ɗalibai da yawa suna jingina wa marubuci maganar da ya kawo don ya rushe ta, kuma wannan kuskure ne da ke cinye musu maki a auna fahimta.

Raba uwar da'awa da masu tallafa mata

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ya cancanci darasi biyu ko uku. Ya fi kyau malami ya fara da gajeren sakin layi da ya tsara da kansa a kan abin da ɗalibai ke gani kullum. Ga irin wanda nake nufi:

"Da zarar damina ta kankama, ruwa yakan shiga gidajen unguwarmu. Duk wanda ya leƙa kwalbatin da ke bakin kasuwa zai tarar ya cika maƙil da ledar ruwa. Wasu na cewa laifin hukuma ne da ba ta yashe magudanai ba, amma ko an yashe su yau, kafin mako ya zagayo sun sake toshewa. Sai yaushe za mu daina zubar da shara inda muka ga dama? Ya kamata masu unguwanni su sanya tara a kan duk wanda aka kama yana jefa leda a kwata."

A sa wa jimlolin lamba daga 1 zuwa 5, a ce kowa ya zaɓi wadda yake ganin don ita aka yi rubutun, ya rubuta lambarta a littafinsa kafin a fara tattaunawa, domin idan aka bari sai an ɗaga hannu, aji zai bi bakin ɗalibi biyu ko uku da aka saba ji. Da yawa za su zaɓi ta farko, saboda an saba gaya musu cewa muhimmiyar jimla a farko take zuwa. Maimakon malami ya ce sun yi kuskure, sai ya ba su ma'aunin da za su gwada da kansu. A ɗauki jimla biyu a haɗa su da "saboda haka", sannan a juya su a sake haɗawa. "Ruwa yana shiga gidaje, saboda haka ya kamata a sanya tara" magana ce mai ma'ana. "Ya kamata a sanya tara, saboda haka ruwa yana shiga gidaje" kuwa ba ta zauna ba, kuma kunnen kowane ɗalibi zai ƙi ta. Jimlar da kullum take faɗowa bayan "saboda haka", ba ta kuma tallafa wa wata ba, ita ce uwar da'awa. Sauran hujjoji ne, kodayake kowace hujja ita ma ƙaramar da'awa ce da za a iya tuhuma, tunda mai musu zai iya cewa ya je kwalbatin ya ga yashi ya fi leda yawa.

Jimla ta 3 tana bukatar a tsaya a kanta sosai, domin muryoyi biyu ne a cikinta. Rabin farko maganar "wasu" ce, rabin da ya biyo bayan "amma" shi ne martanin marubuci. A koya wa ɗalibai cewa "amma" da "sai dai" da "duk da haka" mahaɗa ce da marubuci ke juyowa zuwa nasa matsayin. Jimla ta 4 kuwa tana da siffar tambaya, kuma bisa ma'aunin darasin farko da an fitar da ita daga sahu, amma marubucin ba amsa yake nema ba. A ce ɗalibai su mayar da ita zance miƙaƙƙe, za su samu "Muna zubar da shara inda muka ga dama, kuma hakan bai dace ba". Nan ne za su fara gane cewa da'awa tana iya shigowa a ɓoye.

Da'awar da ba a furta ba

Masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya bayyana a 1958 cewa tsakanin hujja da da'awa akwai wata gada da mai magana ke takawa, wadda sau da yawa ba ya ambatonta don yana ganin kowa ya yarda da ita. Ba sai ɗalibai sun riƙe sunansa ba, amma ya kamata su iya neman gadar. A sakin layin da ke sama, marubucin bai taɓa cewa tara tana hana mutane aikata laifi ba, bai kuma ce masu unguwanni suna da ikon karɓar tara ba, alhali idan ɗaya daga cikin waɗannan ta faɗi, shawararsa ta rushe. Tambayar da ke tono irin wannan ita ce: me ya zama dole marubucin ya yarda da shi kafin maganarsa ta tsaya?

Karin magana ma babbar maɓoya ce, kuma wannan ya shafe mu fiye da wasu al'ummomi, saboda Bahaushe yana jin an kashe bakin zance da zarar an kawo ta. Marubucin da ya ba da labarin zargin da ake yi wa wani, sannan ya rufe da "ruwa ba ya tsami banza" ko "biri ya yi kama da mutum", ya yanke wa mutumin hukunci ba tare da ya kawo shaida ko ɗaya ba. A sa ɗalibai su fassara karin maganar zuwa jimla fili, wato "zargin nan gaskiya ne", sannan su nemi hujjarta a cikin rubutun. Hikimar magabata tana nan da darajarta, abin da ake tuhuma shi ne ko ta dace da wurin da aka ajiye ta.

Idan aji ya kai wannan mataki, sai a kawo misali na gaske mai nauyi. A watan Yulin 2014 cutar Ebola ta shigo Najeriya ta Legas, kuma a farkon Agusta wani saƙo ya karaɗe ƙasar ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya. Mutane sun tashi cikin dare suna kiran 'yan'uwa, an kwantar da wasu a asibiti, har aka ba da rahoton rasa rayuka, hukumomin lafiya kuma suka fito suka ƙaryata maganar. Ɗaliban yanzu ƙanana ne a lokacin, amma iyayensu suna tune da daren, don haka ana iya ba su aikin gida su tambayo yadda saƙon ya iso gidansu da lafazin da aka yi amfani da shi. A aji sai a warware shi: umarnin shi ne a yi wanka a sha, da'awar da ke ƙarƙashinsa ita ce gishiri yana hana kamuwa da cutar, madogararsa kuwa "an ce" ce kawai. Wanda ya tura saƙon ƙauna ce ta sa shi, kuma yana da kyau malami ya faɗi haka a fili, don kada darasin ya koma raina iyaye.

Tafiyar da aji da duba aiki

Malamin da ke da ɗalibai tamanin ko fiye, da darasin minti 40, ba tare da kuɗin buga takardu ba, zai iya yin duk wannan da allo da alli. Sakin layi ɗaya mai jimla biyar ko shida ya isa darasi guda, kuma gara a tatse shi sarai da a karanta shafi uku a guje. A raba aji bisa layin benci, kowane layi ya ɗauki jimla ɗaya ya faɗi ko da'awa ce, ta wa ce, kuma me take tallafa wa. Alamomi uku sun wadatar a littafin rubutu: layi biyu a ƙarƙashin uwar da'awa, layi ɗaya a ƙarƙashin hujja, da'ira a kan maganar da aka jingina wa wani. Ina ba da shawarar a fara da Hausa ko da a darasin Turanci ne, domin ɗalibin da ke kokawa da ma'anar kalmomi ba shi da sauran ƙarfin bin tsarin hujja, amma idan ya ƙware a harshensa, ɗaukar dabarar zuwa Turanci ba ya ba shi wuya.

Wajen zaɓen rubutu, a jinkirta batutuwan saɓanin addini da na jam'iyyun siyasa har sai aji ya saba, saboda suna sa ɗalibi ya fara kare ɓangarensa kafin ya karanta. A kafa doka guda da ba a sassautawa: babu wanda zai ce ya yarda ko bai yarda ba sai ya faɗi da'awar marubucin da kalmominsa, ta yadda da marubucin yana wurin zai ce haka yake nufi. Wasu ɗalibai, musamman masu kunya, suna jin nauyin tuhumar abin da babba ya rubuta, don haka a nuna musu cewa alƙalin da ya nemi shaida bai ƙaryata mai ƙara ba, aikinsa kawai yake yi.

A wajen ba da maki, a fifita wanda ya sake faɗin da'awa da lafazinsa a kan wanda ya kwafo jimla, ko da kwafen ya dace, kuma a rage wa wanda ya ƙara mata faɗi, kamar wanda ya mayar da "wasu 'yan kasuwa" zuwa "'yan kasuwa", ko ya zubar da "mai yiwuwa". Gwajin ƙarshe da nake so shi ne a mayar wa kowane ɗalibi insha'in muhawara da ya rubuta a zangon da ya wuce, a ba abokin zamansa ya ja layi biyu a ƙarƙashin uwar da'awarsa. Idan abokin ya rasa inda zai ja, sai mai rubutun ya karɓi takardarsa ya rubuta da'awar cikin jimla ɗaya a saman shafi, sannan ya sake gina insha'in a ƙarƙashinta kafin darasi na gaba.